Rigar Wa? Magana Kan Kalmar Robe



Akwai wani ɗan littafi da ya zo hannunmu a cibiyar yaƙi da jahilci ta nan Kona, irin wanda ake jera kalmomin Faransanci a hagu, na Hausa a dama. Ba zan kama sunan waɗanda suka buga shi ba, don ba faɗa na zo yi da kowa ba, kuma irinsa suna da yawa a ƙasar nan. In za a bi gaskiya ma, ya cancanci yabo ta wani wajen. Baƙaƙensa manya ne, mai raunin ido yana iya karanta shi da fitila. An sa wa ɓ da ɗ da ƙ lanƙwasarsu yadda ya kamata, abin da manyan littattafai da yawa suka kasa. Kuɗinsa kuma bai fi ƙarfin manomi ba. Amma akwai layi ɗaya a cikinsa da ya ja mini hasarar ɗalibi har kwana goma sha biyu, kuma kan wannan layi nake so mu yi magana. A hagu an rubuta robe, a dama an rubuta riga. Shi ke nan, ba a ƙara ko ɗigo ba.

Cikin ɗalibaina akwai wani dattijo tela, wanda ya haura shekara hamsin kafin ya kama alli. Ɗinkin maza yake yi tun yana saurayi, bai taɓa auna mace ba. Da hannunsa ya fara faɗawa a rubutu, sai ya yi sha'awar ya kafa allo a bakin rumfarsa ranar kasuwa, ya rubuta abin da yake ɗinkawa da kuɗin kowane. Don kuma ma'aikata da malaman lakwal su ma su gani, sai ya ce bari ya sa da Faransanci. Ya buɗe ɗan littafin nan, ya nemi riga, ya kwafi abin da ya gani kusa da ita. Hantsi bai yi ba sai ga ƴan makaranta sun taru suna nuna allon suna dariya, suna cewa tsoho ya koma ɗinkin mata. Kafin azahar wata matar ma'aikaci ta aiko yarinya da atamfa, wai a yi mata guda biyu.

Duk wanda ya taɓa koyar da manya ya san ba wuyar karatu ke korarsu ba. Babba yana jure wuya. Abin da ba ya jurewa shi ne yaro ya yi masa dariya a bainar jama'a kan abin da ya rubuta da hannunsa. Da na ga shiru, sai na bi shi gida bayan la'asar. Muka gaisa, ya ba ni tabarma, sa'an nan ya ce, "Malam, ashe littafi ma yana ƙarya?" Na ce, "Baba, bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi gaskiyar duka ba." Ya ce, "To, mu a wurinmu wanda ya auna maka rabin tiya ya ce tiya ce, ban san sunan da kuke ba shi a boko ba."

Ban sami abin cewa ba. Wannan ne ya sa na zauna na bi diddigin kalmar.

Mu fara da abin da take nufi yau. A bakin Bafaranshe, in ya ce robe bai ƙara kome ba, doguwar rigar mace yake nufi, wadda sama da ƙasa suke haɗe a ɗinki ɗaya. Ita ce matanmu na birni suke kira rob in sun je wurin tela. Namiji ba ya shiga cikinta sai ta hanyar aiki: alƙali da lauya in za su zauna shari'a, da shehun malamin jami'a ranar biki, su ma abin da suke yafawa robe ne. Har a zamanin sarakunan Faransa, kafin juyin 1789, manyan ƙasar kashi biyu ne, akwai waɗanda suka sami girma ta takobi, akwai waɗanda suka same shi ta robe, watau ta kujerar shari'a da aikin hukuma. Kamar dai yadda mu ma in an ce masu rawani, kowa ya san ba ƙyallen ake nufi ba. Sa'an nan ga wani abin mamaki, launin gashin doki ma robe suke ce da shi. Inda Bahaushe zai ce akawali ko ƙili ko danda ko hurde, su sai su ce robe ɗin dokin kaza ne. To, rigar da ɗalibina yake ɗinkawa fa? Ita Faransawa ba robe suke kiranta ba. Boubou suke cewa, kalmar da suka ara daga harshen Wolof na Sanigal, inda suka daɗe da zama kafin su iso nan.

A Ingilishi kuwa al'amarin ya juya. Su ma sun ari kalmar daga Faransanci tun wajen ƙarshen ƙarni na 13, amma suka riƙe ta da tsohuwar ma'anarta, watau doguwar tufa mai yalwa ta sarki ko alƙali ko limami. Don haka in Baturen Ingila ko na Amurka ya ga babbar riga, robe zai ce, kuma bai yi kuskure ba. Wata masaniyar tarihi, Colleen Kriger, ta yi rubutu a 1988 kan rigunan daular Sakkwato, da wannan kalma ta kira su. Ina kyautata zaton ta nan ɓarnar ta shigo. Wanda ya tsara littafinmu ya leƙa ƙamus na Hausa da Ingilishi daga Nijeriya, ya ga kalmar da ya sani da ido, ya ɗauko ta ya dasa a layin Faransanci. Rubutu ɗaya, harshe biyu, tufa biyu.

Yanzu sai asali, kuma nan ne maganar ta yi mini daɗi.

Robe ba daga Latin ta fito ba kamar akasarin kalmomin Faransanci. Daga bakin ƙabilun Jamusawa na dā ta zo, dangin Farankawa, waɗanda suka mamaye ƙasar bayan rushewar mulkin Rum har ta ci sunansu. A harshensu akwai kalma mai kama da rauba, ma'anarta ganima, abin da aka ƙwace a yaƙi. Cikin rubuce-rubucen Faransanci na ƙarni na 12 ana samun robe da ma'ana biyu tare, ganima da kuma tufa. Daga baya ta farkon ta mutu, ta biyun ta rayu. Amma kalma ba ta mutuwa ba ta bar ƴan uwa ba. Duk wanda ya yi lakwal ya san dérober, watau sata a ɓoye. Uwarsu ɗaya da robe. A Jamusanci har yau Raub fashi ne. A Ingilishi rob shi ne yi wa mutum fashi. A harshen Sifen ropa tufafi ne, robar kuwa sata. A Italiyanci roba na nufin kaya, kowane iri. Ku dubi wannan ta ƙarshe da kyau, don mu ma haka muke yi. Kaya a Hausa shi ne abin da jaki ya ɗauko, shi ne abin da ɗan kasuwa ya kasa, shi ne kuma abin da mutum ya sa a jikinsa ranar salla.

Me ya haɗa ganima da tufa? Mu da muka tashi muka tarar da bosho jibge a kowace kasuwa, riga da ƴan daloli, sai mu ga abin da nisa. Amma ku tambayi tsofaffin matanmu wahalar da ke cikin zane ɗaya a dā. A noma auduga, a cire ta, a gurje, a shiɓe, a kaɗa zare da mazari dare bayan dare, a kai wa masaƙi ya saƙa ƙwarya ƙwarya, a haɗa, a kai marina, a kai mabuga. Haka Turawa ma suke kafin injin saƙa. Abin da mutum ya sa a jikinsa sau da yawa ya fi duk abin da ya bari a ɗaka daraja. In an kashe shi a fagen fama, bayan doki da makami, abin da za a fara tuɓewa ke nan. Larabawa suna da suna na musamman ga wannan, salab, watau tufafi da makaman wanda aka kashe, har malaman fiƙihu suka yi masa hukunci. A mazhabarmu ta Maliku ba ya zama na wanda ya yi kisan sai shugaban yaƙi ya ba shi.

Ba sai mun je nesa ba. Ƙasar nan tamu ta san hari. Tun da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, zuriyar sarakunanta suka dawo arewa suka kafa Maraɗi, an shafe shekaru ana kai wa juna hari tsakanin nan da can, zamanin Ɗan Baskore ma abin ya fi tsanani. A irin wannan zamani tufa kuɗi ce. A Barno da ƙwaryar saƙa ake ciniki, gabaga suke ce mata. Heinrich Barth, Bajamushen nan matafiyi da ya sauka Tasawa a watan Janairu na 1851 kafin ya wuce Katsina da Kano, ya ƙiyasta tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Kuma shi da ƴan uwansa matafiya ba su ce wa rigarmu robe ba, tobe suka riƙa rubutawa, daga saubu na Larabci. Su kuwa waɗanda harshensu ya manta robe ganima ce, a 1899 ayarinsu na Voulet da Chanoine ya ratso ƙasar nan yana ƙone garuruwa yana kwasar dukiya, har ya watse a Maijirgi, nan kusa da mu. Wannan maganar wata rana ce.

Akwai wata fuska ta biyu da na fi so. Tufa takan bar jikin mutum ta koma na wani ta hanya biyu, ko a tuɓe masa da ƙarfi, ko ya tuɓe da kansa ya bayar. Turawa sun sa wa kalmarsu suna daga hanyar farko. Larabawa suna da kalma daga ta biyu, khil'a, rigar girmamawa da halifa ko sarki kan ba wanda ya yarda da shi. Asalinta daga aikatau ne mai nufin tuɓewa, don tun farko daga jikinsa sarkin yake cirewa ya yafa wa mutum. Kuma mun san wannan saiwa a Hausa ko ba mu lura ba. Hul'i, rabuwar auren da mace ke nema ta mayar da abin da aka ba ta, daga nan yake. Malamai sun ce an kira shi haka don ta tuɓe auren kamar yadda ake tuɓe tufa. Al'adar kanta kuwa tamu ce tun tuni. Ba a naɗa sarauta da baki, sai da riga da rawani da alkyabba. Mai arziki in waƙa ta ratsa shi, ya kan tuɓe ta wuyansa ya miƙa wa makaɗi. Bara kuma yana alfahari da kwancen ubangidansa, ba ya jin kunyar a gane shi.

Kun ga ke nan tarihin wannan kalma ba baƙon abu ba ne ga manomin Kona. Da na ba ɗalibaina labarin, ba wanda ya tambaye ni me ya sa ganima ta zama tufa. Wata tsohuwa ma cewa ta yi, "To da me za a ƙwace, Malam, in ba ita ba?"

Bari in kawar da wani ruɗani kafin in wuce. Na ji wani yana cewa wai roba da robe abu ɗaya ne, tun da yadin zamani da roba ake yinsa. Ba haka ba ne. Robarmu ta bokiti da takalmi daga Ingilishi ta zo, rubber, wanda asalinsa gogewa ne, don a 1770 wani masani, Joseph Priestley, ya lura ƙaron wannan itace yana goge rubutun fensir. Kama da wane ba ta wane. Haka kuma riga ta sawa da riga ta riga-kafi, a rubutu kaɗai suka yi kama, a baki kowa ya san ta farko ana jan ta. Tsofaffin jaridun karkara irin su Gangaa, da suka bi ƙa'idar taron Bamako na 1966, riigaa suke rubutawa. Da aka bar ninka wasula an sauƙaƙa wa hannu, amma an ƙara wa malami aiki.

To, mu koma kan layinmu. Laifinsa na farko mun gan shi, ya ba namiji tufar mace. Amma ko da an gyara an rubuta rigar mata, da sauran magana, don ita ma riga an cuce ta. Ɗalibina ba riga yake ɗinkawa ba kurum. Akwai babbar riga, akwai kaftani, akwai jallabiya, akwai taguwa, akwai ƴar shara. Cikin manyan riguna ma tsofaffi suna rarrabewa. Saƙi ita ce mai zanen zabo. Tsamiya sunanta daga silikin tsutsar da ke zama a itacen tsamiya. Barage da jan alharini ake saƙa ta. Kore kuwa baba ce aka rina aka buga har tana ƙyalli, aikin da mutanen Kura ta ƙasar Kano suka shahara da shi. Ga aikin allura a kan aljihu, aska biyu da aska takwas, wanda mai gani daga nesa yake sanin matsayin mai tafe. G. P. Bargery, da ya buga babban ƙamus nasa a 1934, ya bi ƙasar Hausa yana tattara irin waɗannan sunaye ɗaya bayan ɗaya. Baƙo ya yi wannan wahala shekara casa'in da suka wuce, mu kuma ƴan gida muna tattara su duka mu cusa cikin kalma ɗaya mu miƙa wa mutumin da ya fi mu saninsu. Abin da yake koya daga irin wannan layi shi ne, abin da ya sani bai isa shiga littafi ba.

Kuma ba robe kaɗai ba ce. A shafi na gaba oncle an ce kawu, baffa ya ɓace. Mil an ce gero, ba maiwa. Ƙa'idar littafin duka ita ce kowace kalma tana da tagwaye a ɗaya harshen, abin da ba ya faruwa sai jefi jefi.

Na san abin da za a ce mini. Takarda tana da tsada, sabon mai karatu kuma dogon bayani yana gajiyar da shi. Na farko gaskiya ne, na biyu kuwa ban yarda ba. Ni na ga yadda manya suke karatu. Jerin kalmomi busassu shi ne ke sa su hamma. Ranar da na ba su labarin ganima kuwa, sai da mai fitila ya ce mai ya ƙare. In wuri ne babu, a rage yawan kalmomin. Ɗari uku masu gaskiya sun fi dubu masu rabin tiya. Ga yadda nake ganin layin ya kamata ya zama, kuma bai fi layi uku ba: "Robe, ana faɗi rob. Doguwar rigar mace ɗinkin Turawa. Haka kuma rigar aikin alƙali da lauya. Babbar rigar maza ba robe ba ce, duba boubou."

Akwai kuma masu cewa a kori rob ɗin ma daga bakin mata, a ce doguwar riga kawai, don a tsarkake harshe. Da su ma ban tafi ba. In za a bi wannan, sai a fara da alkyabba da kaftani da jabba da aljihu, duk ta hanyar Larabci suka zo, a bi da buba ta Yarbawa, a ƙare da tela da kansa, don daga Ingilishi yake. Faransawa ma jupe tasu, siket ɗin mata, jubba ce ta Larabawa, ƴar uwar jabbarmu ta malamai. Ta shiga can tana tufar maza ta ƙare tana ta mata, hanyar da robe ta bi sak. Kalmar da mata suka riga suka karɓa suna ciniki da ita ta zama tamu. A rubuta ta yadda ake faɗinta, a ba ta ɗakinta, kada dai a ba ta gidan duka.

Abin da ya sa na ga maganar ba ta jira ita ce, tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ita ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Ke nan za a yi ta fassara, takardun asibiti, na shari'a, na gona, na makaranta. Masu fassarar nan da littattafai irin wannan za su fara. In layin tela ya jawo dariyar yara, layin likita ko na alƙali ba dariya zai jawo ba. Jami'ar Bayero ta Kano ta fitar da ƙamus mai bayyana Hausa da Hausa tun 2006. Irinsa muke bukata a kowace cibiya, ƙarami, mai kalmomin wannan gefe namu, da tiya da jika da bosho da rob a ciki, wanda kuma aka zauna da masaƙa da marina da teloli kafin a rubuta shafin tufafi.

Dattijon ya dawo aji ranar Litinin ta biyu. Bai ce kome ba kan abin da ya wuce, ni ma ban tayar ba. Ranar kasuwa na bi ta rumfarsa na tarar ya goge allon ya sake rubutawa, da Hausa zalla wannan karon: babbar riga, kaftani, ƴar shara, wando, kowane da kuɗinsa. Can ƙasa da ƙananan baƙaƙe ya ƙara layi ɗaya, "Ba a ɗinkin rob a nan, a tambayi maƙwabci."